Neman filin gwamnati don farautar barewa mai kunnen alfadari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Texas, kuma ina da niyyar fita farautar barewar hamada mai kunnen alfadari a karon farko, sai dai yawancin filayen jiharmu na masu zaman kansu ne. Ina ya kamata in dosa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka duba kudancin Arizona, inda BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayyar Amurka, take da filaye masu faɗi. Izinin harbin barewa da bindiga ta hanyar ƙuri'a ake samunsa a Arizona Game and Fish, hukumar kula da namun daji ta jihar, saboda haka ka nema da wuri. Ka tsaya a kwari da gindin duwatsu, domin idan ka hau sama, barewar Coues, wani nau'i daban mai farar wutsiya, za ka tarar.

Alhaji Isa: Ni a ganina ruwa ne kan gaba. Ka nemo wuraren shan dabbobi a manhajar taswira ta onX, ka hau tudu tun asuba da madubin hangen nesa, ka zauna ka yi haƙuri. Amma dokar Arizona ta hana kafa tanti kusa da ruwan da dabbobi suka dogara da shi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri.