Ƙanena ya ce fim ɗin zahiri zai yi, akwai ci a wannan sana'a?

Mai Shago, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Ƙanena ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana. Maimakon ya nemi gurbi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maraɗi kamar abokansa, ya ce shi daraktan fim zai zama. Ba irin na Kano mai rawa da waƙa ba, wai dokimanter, wato fim ɗin zahiri. Da yana ɗaukar bidiyon suna da biki, yana samun na sabulu. Tun da wannan abu ya shiga kansa, sai ya hau babur ɗina ya tafi Jiratawa, ya wuni cikin masu lambu yana ɗaukarsu, ya dawo ba ko dala, ga mai ya ƙone. Tsohuwarmu ta ce in yi masa magana, kuma kuɗin karatun daga aljihuna za su fito. Akwai wanda ya taɓa riƙe gida da wannan aiki?

Malamin Lise:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka yi saurin kashe masa gwiwa. Ka san Sani Magori? Ɗan Galmi ne, haihuwar 1971, kuma aikin gona ya fara karantawa kafin ya je Saint-Louis ta Senegal ya koyi wannan fanni. Fim ɗin da ya fito da shi a 2008 a kan me yake? Albasar Galmi! Ya bi wani manomi tun daga dashe har ciniki, auren ɗiyarsa yana rataye da farashin buhu. Ba ɗan wasa ko ɗaya, amma ran mai kallo a tsaye yake, don kowa ya san yadda albasa ke karyewa in ta cika kasuwa. A 2010 ya yi Kukan Kurciya. Wata tsohuwar zabiya ce wadda waƙoƙinta suka riƙa tura samari cin rani, har da mahaifin Sani da ya daɗe a Abijan. Sai ya ɗauke ta suka bi hanya, ta je ta kira mutanen gida da muryar da ta kore su. Duk daga ƙofar gidansu ya samo labaran nan, shi ya sa Jiratawan ƙanenka ba ta ba ni tsoro ba.

Uwar Biyu:
Malam, ka faɗi daɗin, ka bar ɗacin. Fim guda yakan ci shekaru, kuma a garin nan wa zai biya kuɗi ya kalli dokimanter? Kuɗin daga waje suke zuwa: ka rubuta takardar aikin da Faransanci, ka aika wa masu ba da tallafi da gidajen talabijin, ka jira. In ya fito a kai shi irin su FESPACO, bikin baje kolin finafinan Afirka a Wagadugu, shi ma sai bayan shekara biyu-biyu. A'isha Macky ta Damagaram, wadda ta yi fim a kan rashin haihuwa a 2016, sai da ta karanta ilimin zamantakewa tukuna ta shiga IFTIC, makarantar koyon aikin jarida da sadarwa a Yamai. Yaya, ka ce ya yi jami'ar, kyamarar ba guduwa za ta yi ba.

Ɗan Bagalam:
Ni bidiyon biki nake yi har gobe, kuma kada ya bar shi, can ne hannu ke faɗawa. Abin da zan tambaya: ya sautinsa? Yaranmu hoto suke bi, sai ka zo haɗawa ka tarar iska da kukan injin ban ruwa sun cinye maganar tsohon. Ya nemi ƙaramar makirfo ta maƙalawa a wuyan riga. Kuma ya gaida mai gari kafin ya fiddo kyamara, ya koma ya nuna wa mutanen abin da ya ɗauka, in ba haka ba za su ce sayar da su yake yi.

Mai Shago, Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, maganarki zan kai wa tsohuwa. Jiya na sa ya kunna mini wanda ya ɗauka, wani dattijo yana ba da labarin ambaliyar gulbi ta 1945 da ta sa aka tayar da garin Maraɗi zuwa tudu, yadda ya ji daga mahaifinsa. Gaskiyar Ɗan Bagalam, rabin maganar injin ya cinye. Makirfon nan, jika nawa ce, kuma ana samunta nan ko sai an aika Kano?