Haɗa bayanan jinyar 'yan mazan jiya wuri guda: gyara ne ko ɓarnar kuɗi?

Injiniya Nura, Riyad: Assalamu alaikum jama'a. Ina nan a kan maganata ta jiya. Duk gyaran da za a yi wa jinyar tsofaffin sojojinmu a gida Najeriya, a fara da haɗa bayanan jinyarsu wuri guda a kwamfuta. Soja zai yi shekara 35 ana yawo da shi, yau Maiduguri, gobe Jos, jibi Legas, kowane bariki da fayil ɗinsa. Ranar da ya ajiye kaki ya koma garinsu, likitan da zai gani bai san an taɓa cire masa harsashi ba, bai san maganin da jikinsa ba ya karɓa ba.

Baba Saje, Makka: Wa alaikumus salam. Nura yarona, ni na yi aikin nan. Kafin in taho wurin 'ya'yana, asibitin da nake zuwa sun san ina da hawan jini da ciwon suga, katina yana nan, ba wanda ya ɓatar. Sai likita ya rubuta magani, ka je taga a ce babu, je ka saya a waje. Da wane kuɗi? Kwamfuta za ta haifo maganin ne?

Sista Hauwa, Jidda: Baba ku yi haƙuri in sa baki, tunda aikina ne. A nan Saudiyya idan likitan gwamnati ya rubuta wa ɗan ƙasa magani ta tsarin Wasfaty, saƙo ne zai shigo wayarsa, ya je kantin magani na unguwa ya karɓa. Ba a ɗaure shi da taga ɗaya ba. Kuma hukuma tana ganin abin da aka rubuta da abin da aka bayar, don haka mai karkatar da magani ba ya samun duhun da zai ɓuya. Manhajar Sehhaty kuma da ita ake kama layin ganin likita, a ga sakamakon gwaji. Asibitocin Haras Waɗani, wato rundunar tsaron ƙasa ta Saudiyya, su ma tsari ɗaya suke amfani da shi, BestCare, wanda aka samo daga Koriya ta Kudu.

Baba Saje: 'Yata, a nan an biya masu kantin ne shi ya sa suke bayarwa. A can wane mai kanti zai ba da kayansa bashi ga gwamnati?

Dakta Aminu, Dammam: Baba ya taɓo inda ciwon yake. Injiniya, kafin mu yi gaggawa mu dubi Amurka, don ba ƙasar da ta zuba kuɗi a wannan harka kamarta. Ma'aikatarsu ta tsofaffin sojoji, VA, tana da mutum wajen miliyan 9 a rajista. Tun shekarun 1980 suke da tsarinsu na kwamfuta, wanda aka sani da VistA, amma kowane asibiti ya yi masa nasa kwaskwarima har ya zama iri wajen 130. A 2018 suka ba kamfanin Cerner kwangilar dala biliyan 10, don fayil ɗin soja ya bi shi daga bariki har bayan ritaya, daidai abin da kake nema. Aka fara a garin Spokane a Oktoban 2020. Rahoton babban sufeton ma'aikatar na 2022 ya nuna umarnin likitoci sama da 11,000 sun faɗa wani layi da ba mai dubawa, likita yana ganin ya aika, can kuma bai isa ba. Marasa lafiya 149 suka cutu. A Afrilun 2023 aka dakatar da faɗaɗa aikin, alhali cibiyoyi biyar kacal aka kai. Wannan fa ƙasa ce da ba a ɗauke wuta ana tsakiyar tiyata.

Injiniya Nura: Likita, na karɓi labarin, ban karɓi hukuncin ba. Su tsari suke sauyawa da tsari, mu babu muke so mu sauya da akwai. Kuma ko su ba su ce a koma takarda ba.

Usman, Jidda: Ni ɗan Gadarif ne, bari in kawo na Sudan. Kawuna tsohon soja ne, a Omdurman yake jinyar ƙoda. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ya fito da rigar jikinsa kawai. Likitan da ya karɓe shi a gabas sai da ya sake komai daga farko, mu muka tura kuɗin gwaje-gwajen daga nan. Da bayanansa suna ajiye inda wuta ba ta ci, da an rage masa wahala. Ina tare da Injiniya.

Dakta Aminu: Allah ya ba kawu lafiya. Amma Malam Usman ka tuna a Fabrairun 2024 an yanke sadarwa a kusan duk Sudan. A ranakun nan mai takarda a aljihu ya fi mai fayil a intanet.

Ustaz Bashir, Madina: Akwai abin da ba wanda ya ambata, wato amana. Mutumin da ya yi yaƙi da Boko Haram, a tara sunansa da adireshinsa da na iyalinsa, har da cewa ba ya barci tun da ya dawo daga daji, duk a rumbu ɗaya? Idan aka sace ko wani ma'aikaci ya sayar, rayuwarsa aka sayar. Kuma wallahi da yawa za su daina gaya wa likita damuwarsu idan suka san kowane ofis zai iya karantawa.

Sista Hauwa: Ustaz, fayil ɗin takarda masinja ma yana buɗewa ba wanda ya sani. A kwamfuta duk wanda ya buɗe sai sunansa da lokacin sun fito. Na ga an kira ma'aikata an tuhume su a kan haka.

Injiniya Nura: To mu rage buri. A fara da abu uku kawai: rukunin jini, magungunan da mutum yake sha, da waɗanda jikinsa ba ya karɓa. A gwada a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna da ƙananan asibitocin da ke turo masa marasa lafiya, kowa kuma a buga masa kwafi ya riƙe. Baba, ko wannan ma ba ku yarda ba?

Baba Saje: Na yarda da kwafin da zan riƙe. Sauran kuwa, ka fara gaya mini daga wane aljihu kuɗin zai fito. In daga kason magani za a yanka, ban yarda ba.