A ina ya kamata a ɗaura na'urar auna zafin ruwa a injin motar roka?

Mai Roka:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana inji. Ina da babbar mota kirar Marsandi 911, wadda ake kira roka, mai injin OM352, gijin zafinta (agogon da ke nuna wa direba zafin inji) ya daina aiki, tsohuwar na'urar da ke jikin inji kuma ta ci tsatsa har ta ƙi kwancewa. Na sayi sabon giji tare da na'urarsa, sai mai wayarin ya ce a yanka tiyon sama na lagireto, a sa guntun bututun ƙarfe mai rami a ɗaura ta a nan, domin ya fi sauƙi. Motar tana ɗaukar kaya daga Akwanga zuwa Jos, kuma duk wanda ya san Hawan Kibo ya san ba wurin da direba zai yarda giji ya yi masa ƙarya ba ne. Shin tiyon ya wadatar?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban goyi bayan tiyon ba, ga kuma dalili. Ruwa yana ɗaukar zafi a jikin silinda da kan inji, sannan ya taru a gidan tamostat, wanda ba ya buɗe masa hanyar lagireto sai zafi ya kai wajen digiri 80. Tiyon sama yana bayan wannan ƙofa ne, saboda haka na'urar da ke cikinsa ba ta ganin komai sai bayan ƙofar ta buɗe. A ranar da tamostat ya maƙale a rufe, wato ranar da ka fi bukatar gargaɗi, ruwan cikin inji zai tafasa alhali allurar giji tana kwance a ƙasa, kuma ba za ka sani ba sai gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone ko kan inji ya lanƙwashe. Wurin da ya dace shi ne ɓangaren inji, kafin tamostat, inda ruwa mafi zafi yake fitowa daga kan silinda, kuma a nan masu ƙera injin suka sa ta tun asali. Ka sa a jiƙa tsohuwar da man kwance tsatsa a fitar da ita, ko da za a huda ta ne a gyara zaren ramin, wato tsagin da ake murɗa ta a ciki. Kafin a ɗaura sabuwar a gwada zarenta da na ramin, domin da yawa daga gijin kasuwa suna zuwa da zaren inci, injin Jamus kuwa da milimita ake auna nasa, kuma idan aka tilasta su ruwa zai riƙa tsatsafowa.

Mai Wayarin:
Maigida ya faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da ya kamata a duba tukuna. Yawancin motocin da ke zuwa mana an riga an cire musu tamostat, da tunanin cewa ƙasarmu mai zafi ce, kuma a irin wannan mota ruwan tiyon sama da na kan inji kusan zafinsu ɗaya. Duk da haka ni ma na fi son a mayar da tamostat, domin dizal ba ya ƙonewa sosai a inji mai sanyi. Tiyon ƙasa kuwa kada a ma yi tunaninsa, tunda ruwan da lagireto ya riga ya sanyaya ne yake bi ta ciki. Haka nan, idan na'urar mai waya ɗaya ce, ta jikin ƙarfen inji wutarta take komawa, don haka a kan roba sai an ja mata waya ta biyu, kuma farin tef na masu gyaran famfo idan ya yi yawa a zaren yana iya yanke wutar.

Tsohon Bakanike:
Haka ne, Malam. Ina ƙara wa Alhaji cewa dole bakin na'urar ya nutse cikin ruwan da ke gudana, kada dogon noti na haɗi ya janye shi waje, domin iska za ta taru a gurbin, allura ta riƙa jinkiri. Idan tiyo ya fashe ruwa ya zube, na'urar tana iya komawa auna iska, giji ya sauka maimakon ya hau, saboda haka direbanka ya sani cewa allurar da ta faɗi kwatsam a tsakiyar hawa dalilin tsayawa ne nan take. Bayan an gama aikin a cika ruwa, a bar injin yana aiki har tiyon sama ya yi zafi, a fitar da iska, sannan a sake duba ruwan idan ya huce.