Da wane littafin Marcia Inhorn ya kamata a fara?

Ɗalibar ungozoma: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin kammala karatu a kan rashin haihuwa a tsakanin Musulmi, an kuma ambata mini Farfesa Marcia Inhorn ta Jami'ar Yale a Amurka, masaniyar al'adun al'umma. Da wanne daga cikin littattafanta zan fara?

Malamin jami'a: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki nemi *Quest for Conception* na 1994, wanda ya samo asali daga zamanta a Iskandariyya ta Masar a ƙarshen shekarun 1980, inda ta yi hira da matan talakawa a wani asibitin gwamnati. Ta nuna yadda suke kai da komo tsakanin likita da mai maganin gargajiya da kaburburan waliyyai, har wata ta sayar da zinaren aurenta, alhali dangin miji suna ta zancen kishiya ko saki.

Likitar mata: Malam ya yi gaskiya, amma ni *The New Arab Man* na 2012 zan sa a gaba, domin maza ta saurara, yawancinsu a Bairut ta Labanon. Kusan rabin matsalar rashin haihuwa da hannun namiji a ciki, amma mace ake kira juya. Abin yana damuna ƙwarai, don kullum mace ce ke shigowa ofishina da jaka cike da takardun gwaji, mijin kuwa ko gwajin maniyyi bai taɓa yi ba. Littafin ya yi bayanin dabarar da aka ƙirƙiro a Beljiyam a farkon shekarun 1990, wadda ake tsira ƙwayar maniyyi guda ɗaya cikin ƙwan mace, don magance matsalar rashin haihuwa ta ɓangaren namiji.

Malamin fiƙihu: Allah ya saka da alheri, Dakta. 'Yata, ki lura cewa Farfesa Inhorn rahoto take bayarwa, ba mufti ba ce, don haka ki koma ga asalin fatawoyin. A 1980 Shaikh Jadul Haƙƙ, muftin Masar na lokacin, ya halatta haɗa ƙwan mace da maniyyi a waje da mahaifa, da sharaɗin ƙwan da maniyyin na ma'aurata ne, saboda kiyaye nasaba da gado. A 1999 kuwa Ayatullahi Khamene'i na Iran ya yarda da karɓar ƙwan wata mace bisa sharuɗɗa, abin da malaman Sunna ba su amince da shi ba.

Ɗalibar ungozoma: Na gode, Malam. Akwai wanda ya taɓo batun kuɗi?

Likitar mata: Akwai *Cosmopolitan Conceptions* na 2015, a kan ma'auratan da ke zuwa Dubai neman haihuwa daga ƙasashe da dama, har da na Afirka. Ki ajiye shi sai kin gama biyun farko.