Manoman gandayen Ingila: annoba ce ta kwance su ko tawaye?

Malamin sakandare: 'Yan uwa, raina a ɓace yake. A wani taron malaman tarihi na kawo hujja cewa annobar da ta shiga Ingila a 1348 ita ce ta girgiza tsarin gandayen iyayen ƙasa, domin ta kashe aƙalla sulusin jama'a, ma'aikata suka yi ƙaranci har aka kafa dokar 1351 don hana ladan ƙwadago tashi. Tawayen manoma na 1381 bai 'yantar da bayin gona ba, tunda Sarki Richard na Biyu ya janye alkawarinsa na 'yantar da su bayan an kashe Wat Tyler, jagoran tawayen. Har aka watse babu wanda ya tanka mini.

Ɗalibar jami'a: Malam, a gafarce ni, amma mutanen nan ba bayi ba ne. Ƙidayar Domesday ta 1086, wato ƙidayar filayen Ingila da mutanen da ke kansu, ta ware bayi daban, kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda aka rubuta, ta kuma ware manoman da ke ɗaure da ƙasa daban. Manomin yana da filinsa da shanun hudarsa, kuma bisa al'ada ɗansa ne ke gadon filin.

Dattijo: 'Yata, mutumin da zai yi kwana biyu ko uku kowane mako yana noma gandun ubangidansa ba lada, wanda ba zai aurar da 'yarsa ba sai ya biya, wanda dole ne ya kai hatsinsa maniƙar ubangidan, kuma ranar da ya mutu a shigo gidan makoki a kwance mafi kyawun dabbarsa a tafi da ita, wane suna ya dace da shi?

Lauya: Baba, a idon shari'a ubangidansa kaɗai yake ƙarƙashinsa, kuma ubangidan ba shi da ikon kashe shi. A wasu biranen, idan ya gudu ya zauna shekara ɗaya da kwana ɗaya ba a neme shi ba, ya zama ɗa mai 'yanci.

Dattijo: Bawan rinji a ƙasar Hausa ma yana da gayaunarsa, wani har murgu yake biya ya nemi na kansa, amma babu wanda ya taɓa cewa ba bawa ba ne.

Ɗan gidan sarauta: Baba, ina roƙonka kada a jawo masarautunmu cikin lamarin Turawa. Irin wannan kwatance 'yan NEPU suka riƙa yi don zubar da mutuncin sarakuna.

Dattijo: Ɗana, ni ban ambaci sarki ba. Kai ne ka tsargu.

Ɗan gidan sarauta: Duk wanda ke zauren nan ya san inda ka dosa.

Shugaban zaure: A taƙaice, an tabbatar cewa manoman gandayen Ingila bayi ne a zahiri, kamar yadda Baba ya fayyace da cikakkun hujjoji, sauran kuwa sun fake da ƙa'idojin takarda ne kawai. Na rufe wannan batu.

Lauya: Shugaba, ba a tabbatar da hakan ba, kuma ba ka ko ambaci ƙidayar 1086 da ƙanwarmu ta kawo ba. Ina neman a gyara taƙaitawar kafin a rufe.