Neman kalmar Hausa: me za mu kira "whodunit"?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Masu fassara finafinai da masu rubuta sharhi suna cin karo da kalmar "whodunit", wato labarin da ake ɓoye mai laifi sai a ƙarshe, kowa da yadda yake juya ta. Mu ɗauki Murder on the Orient Express mu gwada a kai. Agatha Christie ta fitar da littafin a 1934, Sidney Lumet ya mai da shi fim a 1974, Kenneth Branagh ya sake yi a 2017. Jirgin ƙasa ya taso daga Istambul, dusar ƙanƙara ta tare shi a Yugoslabiya, gari ya waye an tarar da wani fasinja mai suna Ratchett a mace cikin ɗakinsa da sukar wuƙa 12. Babu sawu a kan dusar, don haka mai laifin yana cikin jirgin. Shawarata "fim ɗin bincike".

Malama Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Ta yi faɗi da yawa. Shirin talabijin na Columbo ma bincike ne, amma tun farko ake nuna maka wanda ya yi kisan, abin jira kawai yadda za a kama shi. Shi kuwa "whodunit" yana da sharuɗɗa: wuri rufaffe, waɗanda ake zargi a ƙidaye, duk hujjar da mai bincike ya gani an nuna wa mai kallo, sannan a tara kowa a warware. Poirot, mai binciken labarin, a taragon cin abinci yake kiran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, a nan kuma ya tara su a ƙarshe. In kalmar ba ta nuna cewa ɓoye mai laifin ne ƙashin bayan labarin ba, ba ta yi aiki ba.

Nura: "Fim ɗin kisan gilla" fa?

Malama Rabi: A'a, Nura. Mai jin haka zai zaci fim ɗin jini da tsoro ne.

Malam Iliya: Ni "kacici-kacicin kisa" nake gani, domin kacici-kacici ne kan ba ka duk alamu ya bar ka da amsa. Ku dubi abin da aka zube a ɗakin Ratchett: agogo da ya tsaya a 1:15, hankici mai harafin H, tsinken goge lofe, da guntun takarda da aka ƙona, wadda Poirot ya farfaɗo da rubutunta ya karanto sunan Daisy Armstrong, wata yarinya da aka taɓa sacewa aka kashe. Aibin kalmar tawa tsawo. Gaɓa 8 ce, ta cika bakin mai fassara da ke bin leɓen ɗan wasa, kuma in labarin na sata ne sai an sauya wutsiyar.

Malam Habu: To mu bi hanyar da Hausa ta saba. Muna ɗaure jimla ta zama suna: ka-ce-na-ce, faɗi-ka-mutu, a-zo-a-gani. Me zai hana "wa-ya-aikata"? Gaɓa 5, ta ɗauki kisa, ta ɗauki sata, kuma tambayar da mai kallo ke yi wa kansa ke nan.

Nura: Malam, "ya" ɗin nan bai nuna namiji ɗaya ba? In mace ce, ko in an haɗa baki fa?

Malam Iliya: In Bahaushe bai san mai abu ba, "wa ya" yake cewa. Uwa ta tarar an fasa tulu, "wa ya fasa?" za ta tambaya ko da 'ya'yanta duk mata ne. Wannan ma riba ce, don kalmar ba ta tona komai. Na bar tawa, na bi ta Malam Habu. Sai dai a riƙa sa karan ɗori, in ba haka ba "fim ɗin wa ya aikata" zai karantu kamar tambaya ake yi.

Malama Rabi: Na yarda. Saura 'yan rakiyarta. Alamar ƙarya da ake dasawa don a karkatar da mai bincike, muna da "ɓad-da-sawu" tun a bakin mafarauta da masu bin sawun ɓarayi. Agogon nan shi ne misali: an tsayar da shi ne don a ruɗa mai bincike game da lokacin da aka yi kisan. Poirot kuma kada a ce masa ɗan sandan ciki. Ya bar aikin 'yan sandan Beljiyam, haya ake ɗaukarsa, "mai bincike mai zaman kansa" ne.

Tara manyan jarumai ma yana cikin ginin fim ɗin, ba don kasuwa kaɗai ba. In fitacciyar fuska ɗaya ce cikin waɗanda ake zargi, mai kallo ya gano ta tun kafin a yi nisa. Lumet ya jera Sean Connery, Lauren Bacall, Anthony Perkins, Vanessa Redgrave da Ingrid Bergman, wadda ta ci kyautar Oscar da ƙaramar rawarta. Branagh ya sa Judi Dench, Michelle Pfeiffer, Willem Dafoe da Penélope Cruz, ya ba Johnny Depp rawar mamacin. "Taron taurari" ya ishe mu.

Nura: Saura "alibi". Na ga ana rubuta "uzuri".

Malam Habu: Uzuri na wanda ya amsa ya yi ne yana neman afuwa. Wannan kuwa cewa yake ba ya wurin, ga mai shaidarsa, kamar fasinjojin da kowanne ya sami wanda ya ce suna tare a daren. Ku gwada "shaidar ba-na-nan" a cikin jimla, mu ji ko ta zauna a baki.