Ciwon damuwa a yara, manya da tsofaffi: abin da jama'a suka faɗa

1. A tattaunawar da jama'a suka yi kan ciwon damuwa, baki ya zo ɗaya cewa ciwo ne, ba ragwanci ba. Baƙin ciki ya wuce mako 2, barci ya lalace, komai ya fita a rai? A ga likita.
2. Yaro ba ya faɗa da baki, sai yawan fushi, ciwon ciki, ƙin makaranta. Tsofaffi kuwa akan ce tsufa ne kawai. Wannan ya fi damuna, don da yawansu ba a kai su asibiti.
3. An rabu kan magani. Wasu sun ce tattaunawa da ƙwararre ta ishe su, wasu sai da ƙwayar magani, ita ma sai bayan makonni take fara aiki. An dai yarda kada a daina sha kwatsam.
4. Wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti nan take.